Littafin Wuƙaƙe na Kakana

Ƙaurin ƙaho ne ya tayar mini da wannan zance. Shekaranjiya ina wucewa ta bayan mahauta, wani ya jefa ƙahon rago cikin wutar babbaka, sai na tsaya cak a hanya da jakar lakwal, wato makaranta, a kafaɗa. In ba a gidan maƙera ka tashi ba, wari kawai za ka ji. Ni kuwa rumfar kakana na gani, lokacin da yake cusa jan ƙarfe cikin ƙaho don yin ƙotar wuƙa, hayaƙi na tashi fari, mu yara muna toshe hanci.

Mahaifina ya rasu ina goye, don haka a hannun kakana na girma, nan Dakoro. Maƙeri ne. Kafin damina hauya da gatari suke cin lokacinsa, amma da an gama girbi, makiyaya sun fara gangarowa kasuwa, sai aikin ya koma na wuƙa. Fulani da Buzaye su zauna a tabarma suna shan shayi, suna jiran tasu. Abin da ke damunsa shi ne ƙarfen rasor, wato sifirin ɗin mota. Yana da kaifi, amma in ya tsoma shi a ruwa, wata wuƙar ta yi kyau, wata ta karye a kan ƙashi. Duk wadda aka dawo masa da ita, ranar ba ya cin tuwo da daɗi.

Wani Nasara cikin masu haƙa rijiyoyi ne ya bar masa wani littafin ƙira, bayan ya gyara masa wani ƙarfen aiki. Da Faransanci aka rubuta shi, bangonsa kore, cikinsa zane-zanen wuƙaƙe da murhu da hannayen mutum riƙe da awartaki. Kakana ya yi shekaru yana kallon zanen kawai. Da na kai aji na huɗu a lakwal, sai wata rana da la'asar ya kira ni.

"Amarya, zo ki gaya mini abin da mutumen nan yake cewa. Na gaji da kallon hannunsa."

Haka muka fara. Ni ina haɗa baƙaƙe da ƙyar, in juya masa abin da na gane, wanda ban gane ba in kai wa mushe, malaminmu, washegari. A can muka tarar da maganar: irin wannan ƙarfe a mai ake tsoma shi, ba a ruwa ba, sannan a sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin busasshen karan gero. Akwai shafi guda mai launuka jere, daga ruwan ɗorawa har zuwa shuɗi. Kakana ya gwada da man gyaɗa, kakata tana ta faɗa a kan man nata. Wuƙar ta sare ƙashin saniya ba ta ko girgiza ba. Tsoho mai furfura ya yi ta dariya kamar yaro, ya shafa bangon littafin ya ce, "Allah ya saka wa mai wannan hannu." Daga nan aka ɗinka wa littafin jakar fata, ba mai taɓa shi sai ni da shi.

Sai kuma baffana, ƙanen mahaifina, ɗa guda da ya rage wa kakana. Ban san yadda zan kwatanta maka shi ba tare da na ɓata bakina ba. Ya samu aikin share tebur da kai takardu a wani biro, wato ofis, a Maradi, shi ke nan ya zama babban mutum. In ya zo gida, daga nesa yake gaisuwa, yana tattare bakin riga kada gawayi ya taɓa ta. An ce a can yana gaya wa mutane ubansa ɗan kasuwar ƙarfe ne. Kuɗin da ya sayi rigar kuwa daga rumfar ya fito, domin bai taɓa komawa ba sai kakana ya damƙa masa wani abu. Hannun da yake ƙyamar gaisawa da shi, bai taɓa ƙyamar karɓa daga gare shi ba.

Kakana ya rasu cikin damina, gero ya fara fitar da kai. Ana gama sadakar bakwai baffa ya kira masu sayen tsohon ƙarfe. Uwar maƙera, masaɓa, awartaki, duk aka ɗora a sikeli kamar tarkacen bola. Na tattara ƙarfin hali na durƙusa gabansa.

"Baffa, littafin nan fa? Ni nake karanta masa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke mace, me za ki yi da littafin maƙera? So kike a ƙi aurenki?"

Ya zare shi daga jakar fatar, ya riƙe jakar don ta yi masa kyau, littafin kuma ya kai wa mai tsiren bakin tasha, wanda kullum ke neman takardar naɗi. Da yamma ya aike ni in karɓo masa naman da aka yi masa alkawari a madadin littafin. A shafin launukan nan aka naɗo shi. Mai ya jiƙa shuɗin, yaji ya manne a kan ruwan ɗorawar. Na tsaya ina kallo ya cinye, ya goge yatsunsa da takardar, ya dunƙule ta ya jefa wa akuya.

Na girma, na zama malamar lakwal, na yi aure duk da tsoratarwar baffa. Na daɗe ina neman irin littafin, don kawai in sake ganin hannayen nan. Na duba wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, a Maradi da Yamai, na kwatanta musu bango da zane har suka san fuskata. Wani dattijo cikinsu ya ce mini an daɗe da daina buga shi, in daina wahalar da kaina. Na daina.

Bara sai ga baffa a ƙofar gidana, da babban ɗansa, wanda ba ya ɗaga kai daga waya. Rabon da ya tako gidan tun sunan ɗana na fari. Ɗan ya miƙo mini wayar. Ga bangon nan kore. Ashe yanzu masu tara tsofaffin littattafai a Turai suna rububinsa, kuɗinsa ya kai na bajimin sa, kuma ko da kuɗin ba kullum ake samu ba.

"Ɗiyata," in ji baffa, da wata murya da ban san shi da ita ba, "littafin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Gado ne. Kowa ya san ke ce kike riƙe da shi."

"Baffa, ai kai ka cinye shi."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Da tsire. Ni ka aika na karɓo. Jakarsa ma tana gidanka, in ba ka sayar ba."

Ka zaci zai ji kunya? Sai ya juya wajen ɗansa ya tambaya ko mai tsiren nan yana da rai. Da rana tsaka suka tafi neman iyalansa, ko Allah ya sa wani shafi ya tsira. Daga baya na ji yana gaya wa dangi na ɓoye dukiyar marigayi. Da bakin da ya taɓa musun sana'ar ubansa, yanzu "mu maƙera" yake cewa, har da buga ƙirji.

Su ma masu sayen can ban ga abin girmamawa a wurinsu ba. Ɗan baffa ya nuna mini hoton wani, ya jera irin waɗannan littattafai cikin kabad na gilashi, yana alfahari da cewa ba a taɓa buɗe nasa ba. Littafin da aka rubuta don a ajiye kusa da wuta, ya sha toka da zufa, shi ne ya zama abin ado. Wanda ke bukatarsa ba zai iya saya ba, wanda ya saya kuma bai san ta ina ake riƙe masaɓa ba. Tsakaninsu da baffa bambancin kaɗan ne, shi baffa dai ya ƙoshi a ranar.

Yanzu in ka shiga kasuwar Dakoro, wuƙaƙe ne tuli a faranti, masu ƙyalli, masu ƙotar roba, su lanƙwashe a kan kabewa. Maƙera kaɗan suka rage, ƴaƴansu sun koma walda da kabu-kabu. Ban ce kowa ya zauna a rumfa har abada ba, ni ma alli nake riƙewa. Amma da babbar sallar da ta wuce, an kwantar da ragon baffa, mutane sun taru, aka rasa abin yanka a gidan. Ɗan maƙeri, mai shelar gado, sai gidan maƙwabta ya aika aro.