Kwabon Rumawa a hannun Kawuna mai sayen zinari

Kawu Sani ya ɗora kwabona kan dutsen gwajin zinari zai goga, na yi wuf na riƙe hannunsa.

Shi zinari yake saye a Anka. Ni kuwa tsofaffin kuɗin Rumawa nake tarawa. Wannan a Iskandariyya ta Masar aka buga shi, lokacin tana ƙarƙashin Rum: kan sarki a gaba, mikiya a baya, rubutun da Girkanci, harshen mutanen birnin. Na sha wahalar nemansa kafin na samu ta intanet.

"Bari in kankare tsatsar ga, mu gani ko zinari na," in ji Kawu.

"Kawu, tagulla ce. Tsatsar ma ita ce shaidar shekarunsa."

"Tagulla? A garin zinari? Wallahi an cuce ka."

"To, a bar ni da cutata."

Na karɓe abina. Zinarin da ke bi ta hannunsa narkar da shi ake yi, gobe ba wanda zai san inda ya fito. Kwabona ya haura shekara dubu, har yau yana faɗin garinsu.

Jama'a, ku raba mu: wa aka cuta?