Ranar da Kawu Labbo Ya Hau Kabu-kabu da Ƙofar Mota

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Ƙaura ya san Kawu Labbo ba ya tayar da mota sai ya yi mata sallama. Zai fito da safe, ya zagaya ta, ya ɗan bubbuga mata goshi da tafin hannu, ya ce, "Salamu alaikum, Dela. An kwana lahiya?" Sai ya yi shiru yana jiran amsa, ya gyaɗa kai, sannan ya shiga. Tsohuwar a-kori-kura ce, ƙofar gefen fasinja ma da igiya ake ɗaure ta, amma in ka kuskura ka kira ta akwala a gabansa, to ka nemi wani kawun.

Shi a wurinsa mota tana da hankali, kuma ta san hannun mai ita. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ga ni tela mai shago da iyali da tumbi, amma ko sitiyarin Dela bai taɓa bari na riƙe ba. Na taɓa roƙon aro zan kai kekunan ɗinki gyara, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bala, kai ko wuyan riga ba ka iya yankewa daidai, kwana za ka iya yankewa?"

Makullan Dela uku ne, ko mabuɗai, yadda yake faɗa. Na farko ya faɗa rijiya tun da daɗewa, ran da ya leƙa yana koya wa mai yasar rijiyar aikinsa. Na biyu ya kai wa baduku aka ɗinke shi cikin fata kamar laya, wai ko ɓarawo ya shigo ba zai gane ba. Na uku kuwa a zariyar wandonsa yake ɗaure. Wannan zariya, jama'a! Ƙulli a kan ƙulli. Matarsa Inna Asabe ta yi magana har ta gaji, ni na ce zan zura masa sabuwa kyauta, ya ce wadda ke jikinsa ba ta yi masa laifin komai ba.

To, da daminar nan da mutanen ƙauyukan bayan Shinkafi suka yi ta tasowa saboda ɓarayin daji, sai saƙo ya zo daga yayarsu, Inna Tumba. Kun san ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma in taurin kai ake magana, a wurinta ya yi karatu. Ƙauyensu, can hanyar Galadi, kowa yana ɗaure kaya. Jikokinta sun kawo babur har ƙofar gida, ta ce Allah Ya kiyaye ta hau abin da ba shi da bango. Ta ce a gaya wa Labbo ya zo da motarsa, in ba haka ba tana nan inda take.

Kawu ya miƙe da ƙarfinsa, ya yi wa Dela sallama, ya kai hannu ƙugu. Wayam! Ashe jiya da ya taka zuwa gona, don shi ba ya ƙona fetur a kan tafiyar da ƙafa za ta iya, zariyar ta tsinke a tsakiyar gero. Ya ƙulla abarsa ya dawo gida, bai lura da abin da ya zube ba. Muka kwashi gida kaf muka shiga gonar nan, gero ya fi mu tsawo, muna rarrafe muna tona. Mun samo tsohon lauje da takalmi ƙafa ɗaya da kunama, wadda ita ce ta fara samo ni.

"Kada kowa shi damu," in ji Kawu. "Akwai na laya."

Ya kwaso layunsa daga ƙusa, ya sa reza ya farke wadda yake zato. Takarda. Ya farke ta biyu, takarda. Sai Inna Asabe ta ce daga bakin murhu, "Malam, wacce kab ba Jauro bara, da shanu nai ka mutuwa?"

Jauro Buba tsohon amininsa ne, rugarsu na wajen Zurmi. Muka hau baburan kabu-kabu muka same shi a gindin bishiya, ya tare mu da ƙwaryar nono da murna.

"Jauro, layag ga da nib ba ka, ita niz zo amsa."

"Aradu ba ta amsuwa, Labbo! Tun da ka ba ni ita ko maraƙi ban rasa ba."

"Ba laya ba ta! Mabuɗin mota na ciki!"

Jauro ya yi dariya har rawaninsa ya zame. "Haka kuke, masu asiri. In abu ya yi kyau sai ku ce kuskure ne."

Kawu ya rantse, ya sake rantsewa, har Jauro ya ɗan sassauto, ya ce ko ya yarda ma ba ta hannunsa. A wuyan babbar nagge, wato saniyarsa, ya rataya ta, yara kuma sun yi arewa da garken tun farkon ruwa, yanzu suna cikin Nijar, sai kaka in Allah Ya kai mu. Kawu ya ajiye ƙwaryar nono, ya juyo ya dube ni. "Ka jiya, Bala? Mabuɗina na can shina kiwo ƙasar waje!"

Da muka dawo na kira Sani bakanike. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ce abu mai sauƙi ne: ko dai a haɗa waya mota ta tashi yanzun nan, ko a kwance gidan makullin gaba ɗaya a kai wa mai yankan makulli. Kawu ya fizgo shi waje ta ƙafa.

"Ba a haɗa ma Dela waya! Ɓarayi ka wanga aiki. Ran da duk mota tak koyi tashi ba mabuɗi ta lalace, gobe kowa yak kira ta sai ta bi shi."

"To a kwance gidan mabuɗin, Baba."

"In kwance ma kai, ka ji daɗi?"

Sani ya share zufa ya ce saura dabara ɗaya. Irin waɗannan tsofaffin motoci, makullin da ke buɗe ƙofa shi ke tayar da inji, don haka mai yanka zai iya duba kubar ƙofar direba ya fitar da sabo. Kawu ya ce wannan magana ce. Amma da Sani ya ɗauko sukundireba zai zaro kubar, sai ya ce a'a, za a kankare fenti. Wane fenti, fisabilillahi? Ƙarshenta dai ƙofar aka kwance ɗungurungum daga maratayinta.

Wanda bai ga wannan tafiya ba an yi ba shi. Kawu a bayan ɗan kabu-kabu, ya rungume ƙofar mota a gefensa, babbar riga na kaɗawa, ni ina biye a wani babur ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Yara suka biyo mu da ihu. Muna kaiwa daidai masallaci sai ga Liman ya fito. Wallahi tallahi Kawu ya sa aka tsaya, ya kama hannun gilashi ya murza, ya murza, gilashi ya sauka, sannan ya leƙo ta tagar ya ce, "Allah gafarta Malam, barka da yamma." Liman ya amsa, ya kasa rufe baki. Kawu ya murza gilashinsa ya rufe, ya ce wa ɗan kabu-kabu, "Mu tahi, iska na shigowa."

Mai yankan makulli na bakin tasha ya zura 'yan ƙarafunansa cikin kuba, ya goga, ya gwada, ya sake gogawa, sai ga makulli sabo fil yana buɗe ƙofa yana rufewa. Kawu ya yi ta sa masa albarka. Muka koma gida da rakiyar rabin unguwa, aka mayar da ƙofa, ya yi sallama, ya zauna, ya zura makulli ya murza. Ko motsi. Ya murza da hannu biyu. Shiru.

Sani ya dafe kai. "Baba! Ƙohwag ga ba tata ba ta! Ba ita munka sawo wurin 'yan gwangwan ba, shekarar da raƙumi yat taka ta asali?"

Mutane suka zube ƙasa don dariya. Kawu ya ɗaga makullin yana kallo, ya ce ko ba komai yanzu ba mai shiga ta wannan gefen. Wani ya ce ai ɗaya gefen igiya ce, ya ce a fitar masa da wannan yaron daga gida.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Jikan Inna Tumba ne. Ya ce gari ya watse, saura gidaje ƙalilan, su ma gobe za su tashi, kuma tsohuwa ta ce ko ita kaɗai ta rage ba ta hawa babur. Na sa wayar a kunnen Kawu. Ban san abin da ya ji ba. Tsoro ya kama ni sosai a lokacin.

Ya ja Sani gefe, nesa da motar, ya yi ƙasa da murya. "A haɗa. Amma kada ta sani."

Ga yadda aka yi. Sani ya saki abin da ke kulle sitiyari, ya zaro wayoyi ya nuna mini waɗanda zan haɗa, tunda ni zan raka shi. Sharaɗin Kawu shi ne in duƙa ƙasa inda Dela ba za ta gan ni ba, shi kuma ya zura makullin banzan nan, ya yi tari, ya yi kamar yana murzawa, ni kuma in taɓa waya daidai lokacin. Ni da tumbina, kaina tsakanin gwiwoyinsa! Ya yi tari, na haɗa, Dela ta ɗauka. Ya shafa sitiyari ya ce, "Madalla da ɗiyar kirki. Sabon mabuɗi na, ki saba da shi."

Da sassafe muka kama hanya. Bayan Shinkafi, a wani shingen jami'an tsaro, motar ta mutu. Kawu ya yi tari, na nutse ƙasa. Wani soja ya leƙo ya ga ƙato a dunƙule ƙarƙashin dattijo, ya daka tsawa ya ce me ake ɓoyewa a nan.

"Yi a hankali, ɗana," in ji Kawu cikin raɗa, "kada ta jiya."

"Wa?"

Kawu ya nuna motar da haɓa. Sojan ya dube shi, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka ɗaga mana shinge suna riƙe ciki.

Dariyarmu ta ƙare tun kafin mu shiga ƙauyen. Ƙofofi a buɗe, ba hayaƙi, ba kukan akuya. Muka sami Inna Tumba zaune a kan ƙullin kayanta a ƙofar gida, da carbi a hannu. Jikanta ya ce kullum da safe haka take fitowa ta zauna tana kallon hanya. Kawu ya sauka, da farin gemunsa, ya durƙusa a gabanta har ƙasa.

"Ka makara, Labbo."

"Yaya, mabuɗi yab ɓace."

"Kai ma ka taɓa ɓacewa kasuwar Shinkahi kana yaro. Da ƙahwata nin nemo ka, ban aiki kowa ba." Ta miƙa masa hannu. "Tashe ni."

Ya ɗaga ta, ya kwance igiyar ƙofa da kansa, ya zaunar da ita a gaba, ya gyara mata mayafi. Muka loda kaya. Na zo zan nutse ƙasa ina jiran tari, sai ya dafa kafaɗata. Ya zare makullin ya jefa aljihu, ya ce da ƙarfi, ba raɗa, "Haɗa wayarka a hili, Bala, ta jiya in ta so. Wadda niz zo ɗauka ta shiga."

Inna Tumba tana nan da ranta a ɗakin da ya gyara mata, ita ta yi ta ba mu haƙuri ranar da ya rasu muka kai shi makwancinsa. Ni kuwa har yau in na tuna shi sai in yi dariya in share ido, don ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya yafe masa kurakuransa. Ya Allah, bai bar 'yar'uwarsa ita kaɗai a daji ba, kada Ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Amin.