Muryar Malam a Akwatin Bas

Wallahi abin nan da ni ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba. Lokacin ina haɗa kayan sauti a Sabon Gari nan Maradi, Inna kuwa tana kwance a Tsibiri, ciwo ya cinye ta har ta daina karɓar abinci, kuma abu ɗaya take roƙo: ta sake jin muryar mahaifinmu, Malam, wanda ya daɗe da rasuwa.

Akwai tsohon kaset na addu'ar da Malam ya yi a bikin yayata. Na juye shi a waya, na kwashi ƙananan lasifikoki biyu na tafi, ina ganin an gama. Ta saurara kaɗan, sai ta juya fuska bango.

"Wanga ba Malam ba ne. Muryarshi daga ƙirji take hitowa."

Gaskiyarta, ƙaramar lasifika ba ta ɗaukar murya mai kauri. Raina ya ɓaci, tsoro ya kama ni. A ce ni da nake girgiza unguwa ranar biki in kasa wa uwata wannan?

Na koma Maradi a guje, na ɗauro akwatin bas, wato babbar lasifika mai fitar da sauti mai kauri, da ampili biyu masu ƙara ƙarfin sauti a bayan babur, da kurosoba, wato na'urar nan mai raba sauti tun kafin ya shiga ampili, siririn ta tura wa ƙananan, mai kaurin ta tura wa bas. Bayan azahar na durƙusa a ɗakinta, gumi na zuba, ina murza maɓallin kurosoba, in murɗa sama muryar ta kumbura kamar daga cikin randa, in murɗa ƙasa ta sirance, ina ta Ya Allah kar ta tafi ban dace ba. Can sai na dace. Malam sak! Inna ta buɗe ido ta ɗora tafinta a kan akwatin.

Ana tsakiyar addu'a aka ɗauke wuta. Fitilun ampili suka mutu, komai ya yi tsit, na kusa fashewa da kuka.

Sai akwatin bas ya yi gyaran murya.

Na rantse da Allah, da idona na ga fatar lasifikar ta motsa. Irin gyaran muryar da magidanci yake yi a bakin ƙofa kafin ya shiga ɗaki. Inna ta jawo mayafinta ta rufe kai.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce, sannan ta dube ni. "Tashi ka ba mu wuri, ba ka da kunya?"

Ƙafafuna da kansu suka fitar da ni. Da yayata ta shiga da kunu, ta tarar rai ya yi halinsa.

Na tambayi masu sana'a, kowa ya ce ragowar wuta ce a ampili. To, ni ban musa ba, amma har yau ban sake jona akwatin nan ba. Ku dai, in tsohonku ya roƙi muryar wanda ya riga mu gidan gaskiya, ku fara tara 'yan'uwa kafin ku kunna.