Munduwar Batulu Mai Ƙuli

Duk wanda ya san Dakko ya san hayaƙin gidan Batulu mai ƙuli. Shekara ashirin da shida tana suyar gyaɗa, har ƙamshin mai ya kama katangar gidan. Mace ce da Allah ya yi wa jiki. In ta zauna bakin murhu sai ta cika kujera, munduwar azurfar da mahaifiyarta ta bar mata kuwa ta nutse a tsintsiyar hannunta, ko da sabulu ba ta fita.

Bara, bayan an cire gyaɗa, munduwar ta fara yawo.

Ba wani ciwo take ji ba. Ci ma take kamar gara: malmala uku ta tuwon dawa, ta kora da fura, kafin a wanke kwano yunwa ta dawo. Amma zane sai kwancewa yake, gumi na karyo mata ko da sanyin safiya, zuciyarta na dukan ƙirji kamar ana sussuka. In ta zo murza ƙuli yatsunta rawa suke, zoben ya fito a karkace.

Labari ya kai Damaga wurin yayanta Jatau, makiyayi mai zafin kai. A danginsu jikin mace shi ne shaidar mijinta. In ta rame ba a tambayar likita, miji ake tuhuma. Jatau bai aiko da saƙo ba. Saniyar tatsa ya jawo da maraƙinta, ya kafa turke a tsakar gidan Barau, mijin Batulu, maƙwabta na leƙe.

"Yaya, lahiya?" in ji Barau, murya ƙasa-ƙasa.

"Lahiyar ke nan. Mun ba ka mace kamar rumbu, ka maishe ta karan dawa. Ga nono nan, tunda naka gida ya ƙahe." Ya kama hannun ƙanwarsa ya tura munduwar, ta zarce har gwiwar hannu. "Talata huɗu na ba ka. In na dawo wagga munduwa ba ta tsaya ba, da ita da saniyar zan tahi, sauran magana sai gaban alƙali."

Maganar ta bi Barau har cikin gari. Mutumin da bai taɓa cin loma ba sai ya ga Batulu ta ci, yau shi ake nunawa da baki a masallaci. Daga ranar ya shiga yanka kaji. Man shanu, nono, ƙwai, hanta daga kasuwar Bakura, duk ya jibge mata. Tana ci tana kallon hannunta. Talata ta farko ta wuce, ta biyu ta bi ta, munduwar sai ƙara hawa take kamar mai neman kafaɗa.

Talata ta uku ta kai ƙuli kasuwar Mafara. Tana cikin auna wa wata mata sai ƙasa ta juya, ƙirjinta ya ɗauki luguden da bai taɓa yi ba. Aka sa ta a Keke Napep zuwa asibiti.

Likitar, wata mai suna Ummulkhairi, ta daɗe riƙe da hannunta tana duban agogo. Ta sa ta miƙe hannuwa, ta ɗora takarda a kai, takardar ta yi ta kaɗawa. Sannan ta shafa gaban wuyanta ta ce ta haɗiyi yawu.

"Inna, me kike sana'a?"

"Ƙuli nike soyawa, ɗiyata."

"To ke za ki fi ni ganewa. Jikin mutum murhu ne, abinci shi ne icensa. Ko kina barci wutar tana ci a hankali, da ita zuciya ke bugawa, da ita jiki ke ɗumi. Abin da ya rage sai jiki ya adana shi kitse. A nan wuya akwai wata 'yar tsoka mai hura wutar, ina zaton taki ta ƙi daina hurawa. In abinci ya ƙare sai wutar ta koma kan kitse, in kitse ya ƙare ta kama nama."

"In na ƙara ci hwa?"

"In wuta ta fi ƙarfin tuya, ice kike ƙarawa?"

Batulu ta girgiza kai. "A'a. Zarewa nike."

Aka ɗebi jininta, aka ce ta dawo bayan mako. Ranar ta faɗo daidai da wa'adin Jatau.

Da hantsi ta karɓi sakamako, zaton likita ya tabbata. Aka ba ta ƙananan ƙwayoyi, aka ce sai an yi watanni kafin jiki ya dawo. Watanni, ita kuwa yini guda ya rage mata. Da ta iso gida ta tarar da Jatau har ya kwance saniya, Barau na tsaye jikin rumbu kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Kawo hannun," in ji Jatau.

Munduwar ta wuce gwiwa ba ko tsayawa.

"Ɗauko kayanki."

Batulu ba ta nufi ɗaki ba, murhu ta nufa. Ta ɗora kaskon tuya, ta zuba ƙuli, ta cusa ice har bakin murhun ya cika, ta kama mafici tana fifitawa ba ji ba gani. Wuta ta tashi tana lasar kaskon. Nan da nan ƙulin ya zama gawayi, ƙauri ya cika gidan.

"Ke! Hauka kike?"

"Yaya, wanga murhu ice ya rasa?"

"Mi?"

"Ice ya rasa, ko mai hurawa ce ta yi yawa?" Ta janye mayafi daga wuyanta ta haɗiyi yawu, wani ƙullutu ya hau ya sauka a gaban idonsa. "Ga mai cina nan. Ba maigidana ba ne. Ku biyu kun yi wata kuna tura min ice. In ka kai ni Damaga can za ta ƙarasa ni, ga nono ga man shanu. Ba inda za ni."

Jatau ya dubi wuyan, ya dubi ƙwayoyin da ke tafin hannunta, ƙanana kamar ƙwayar gero. Igiyar saniya na hannunsa, maraƙi na ja. Can ya sunkuya ya mayar da igiyar a turke, ya ɗaure ta tamau, ya fita ba sallama.

Sai da damina ta kusa munduwar ta daina wuce gwiwa. Yanzu tana tsayawa a tsakiyar hannu, Batulu kuwa ba ta hura wuta da safe sai ta haɗiyi ƙwayarta. A kasuwar Maradun Jatau yana gaya wa duk mai saurare cewa nonon saniyarsa ne ya tashi ƙanwarsa. Labarin ya zo kunnen Barau, bai musa ba. Ya dai ci gaba da yi wa saniyar yankan ciyawa.