Feshin da na yi wa cikina

Salamu alaikum, jama'a. Tun kaka ba ku ji ɗuriyata ba. Ban mutu ba, amma na leƙa.

Wani direba ne ya fara gaya mini a kasuwar Bonkuku, wai cikin hanjin mutum akwai ƙananan halittu, sun fi taron kasuwa yawa, wai har da hannunsu a ƙiba. Na yi dariya har tumbina ya girgiza. Kun dai san tumbin nan, ruku'u ma sai da dabara.

Da gwiwoyi suka fara kuka, sai na yi tunanin manomi: tsutsa in ta shiga gero, feshi ake yi mata. Na sayo kafso wajen mai tebur, ina afawa safe da yamma, har cikin fura nake barbaɗawa.

Sai ciki ya tashi yaƙi.

Murɗa kamar ana yanka ni da dakusasshiyar wuƙa. Zawo, sannan majina, sannan jini. Na kife a bakin masai, goshina ya fashe kan bulo. Matata Rabi ta ja ni a ƙasa kamar buhu, tana ihu.

A asibitin Filinge jijiya ta ɓuya, sai da suka sossoke hannu biyu kafin ruwa ya shiga. Awon jini, awon bayan gida, ordonansi bisa ordonansi, wato takardun sayen magani. Ragon layyarmu ya tafi kantin magani. Na tsorata har na bar wasiyya.

Likita ta ce, "Baba, mi ka sha?"

Na faɗa mata. Ta dafe kai.

"Halittun nan masu gadin ciki ne, ka karkashe su, mugu ya samu fili."

"To ƙibar fa, ɗiyata?"

"Masana na kan bincike. Amma ba a korar ta da kafso."

Ta ba ni maganin da ya dace. Da na farfaɗo, ta ce kindirmo mai tsabta, wake, zogale, a rage sukari, a taka ƙasa. Tumbin bai gudu ba, amma ya ja baya, ina kai goshi ƙasa ba nishi.

Na gode Allah, na gode wa likitocin da duk wanda ya leƙo ni.

Kada ku sha kafso sai likita ya rubuta. In kun ga jini, ku tafi asibiti ranar, kada ku jira.

Zancen halittun nan kuwa, wadda ta gaya mini na ƙarshe Rabi ce. Ɗazu ta dire ƙwaryar nono gabana ta ce, "Sha, Malam. Ba don kai na kawo ba, don ƴan gadin da suka rage."