Mai Neman Kufai Daga Sama

A rumfar cajin waya ta tashar Zuru yake zaune, kwamfuta bisa cinya, kunun da Keziya mai kunu ta sayar masa yana gefe, ko kurɓa bai yi ba. Siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa. Takalmansa na hawan dutse ne, amma ko ɗigon laka babu a jikinsu. Wa zai shiga dawa, 'yan bindiga sun tare hanya?

An ce malamin jami'a ne, mai binciken kufan kakanni a duwatsun nan. Wataƙila yana da ɗaliban da bai taɓa kai su ko gindin dutse ba. Yanzu a hoton tauraron ɗan'adam yake nema. Na'urar da kanta take zagaye duk wani rusasshen gini da jan layi, shi kuma yana bi yana goge wasu, yana tsaki ƙasa-ƙasa.

Keziya ta leƙa. Ga rafin ƙauyensu na wajen Wasagu, ga cocinsu babu rufi. Jan layi ya zagaye gidajen kaf.

"Malam, nan fa bara muka baro shi."

Bai ɗago ba. "Na sani, Mama. Gane kufai na koya mata, ban koya mata gane shekaru ba. Duk hoton da ya zo, sai ta ƙaro mini sababbi."

Ya kai yatsa zai goge, sai ya dakata.

"Akwai wanda ya koma?"

Keziya ta ɗauki kofinta.

"Bar shi," in ji ta. "Ba ta yi ƙarya ba."