Rumfar Sadisu da masu bindiga

Sadisu ɗan goggona ne, taubashina, kuma daga Sinja har Abu Hujar babu mai raunin ido kamarsa. Ya taɓa yi wa jakin maƙwabcinmu sallama, ya tsaya jiran amsa. In ya musa ku zo wurina, a gabana aka yi. Tabarau kuwa ya ce na 'yan ofis ne.

Sana'arsa tsaron dawa. In kaka ta gabato tsuntsaye na sauka gona kamar hadari, sai ya hau doguwar rumfar itace a tsakiyar gona, yana jan igiya mai gwangwanaye, yana kwarara ihu. Aikin ba ya buƙatar ido, murya yake so, ita ko Allah ya ba shi ta mutum goma.

Shekarar da yaƙi ya iso mana, masu bindiga suka tare a makarantar ƙauyenmu. Baƙi ne, ba su san noma ba. Wani ya kai musu labari wai akwai mutum a kan hasumiya yana aika wa sojojin ƙetaren kogi saƙo da ƙarar ƙarfe. Da hantsi motarsu ta keta dawa har gindin rumfar. Ina gonar da ke gefe, na lafe a ƙasa.

Suka durƙusar da shi, bindiga a ƙeya.

"Janabu, ranka ya daɗe, tsuntsu nake kora! Wallahi tsuntsu!"

Babbansu ya ɗaga kai ya dubi rumfar, ya dubi kogi. "To ya zol, kai mutumin nan, tunda daga can ana hango ƙetare, ka zama namu. Kullum ka hau ka faɗa mana inda sojoji suke."

Ranar farko ya ce bai ga komai ba. Suka doke shi har kunnensa ya kumbura kamar kabewa. Na je dubiya, na ce, "Taubashi, ka gaya musu kai makaho ne mana."

"Rufe min baki, Mukhtar. Na faɗa. Sun ce kowane ɗan leƙen asiri haka yake cewa."

Abin da ke cin ransa shi ne, duk inda ya nuna, nan suke juya babbar bindiga. A ƙetaren nan kuma akwai 'yar ruga inda 'yarsa Nasiba take aure, da tsohon ciki.

Sai ya fara nuna musu wuraren da ya san babu kowa. Ya nuna tsohon wurin gasa bulo, suka ragargaza shi, suka buga wa manyansu waya wai sun share sansani guda. Har sukari suka ba shi. Ya nuna lambun mangwaro da aka gudu aka bari. Ya nuna kurmin bagaruwa. Ƙasa na girgiza, yaranmu na shigewa ƙarƙashin gado, shi kuma yana ramewa, don kufai na ƙarewa.

Ran nan babban ya miƙa hannu wajen rugar su Nasiba. "Gidajen can masu farin masallaci fa?"

"Mata ne da awaki, janabu."

"An ce mana akwai motoci. Gobe ka duba da kyau. In ka ce babu, zan san na wa kake."

Da safe ya hau, biyu daga cikinsu na tsaye a ƙasa, ni ina leƙe ta cikin kara. Ya daɗe yana fuskantar kogi, hannu a goshi. Sai ya matsa bakin rumfar, ya ajiye ƙafa inda babu itace.

Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Wannan karon ban ƙara gishiri ba.

Babban ya zo ya taka shi da takalmi, ya zage shi, ya ce ba zai ɓata harsashin babbar bindiga mai tsada babu mai hango masa ba. Ya nemi wani ya hau, amma duk mazan gonakin mun ɓace cikin dawa. Kafin ya samu, aka kira su wani fagen.

Muka ɗauko Sadisu a kan ƙyauren ƙofa. Yana kwance da karan ɗori wani masunci ya kawo labari Nasiba ta sauka lafiya a ɗakinta. Ƙafar ta warke a karkace. Har yau in mota ta tsaya a ƙofar gida, ko yana tsakiyar zagina ne, sai ya yi shiru.